Alkawarin Da Irmiya Ya Ƙi Yi Wa Babana

Jama'ar wannan shafi, salama a gare ku. Waɗanda suka yi ta turo mini saƙo suna tambayar ko an sa rana, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ya hana ni amsawa ba. Haushi ne ya cika mini ciki, kuma in na riƙe waya cikin haushi abin da nake rubutawa ba ya karantuwa. Yau kuwa abin ya kai inda in ban amayar da shi ba zai shaƙe ni.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Lidiya. A Bodinga aka haife ni, nan na girma, nan nake ɗinki a shagon da muka haɗa da ƙawata Sa'adatu a bakin kasuwa. Iyayena mutanen Zuru ne. Aikin koyarwa ya kawo Baba garin nan tun yana saurayi, ya yi ritaya bai koma ba, har bakinsa ya rikiɗe ya zama na Sakkwatawa. Mu Kirista ne, kuma a nan ba mu da yawa. In muka taru sujada ranar Lahadi, ko tari mutum ya yi an san ɗan gidan wane ne.

Wanda nake so sunansa Irmiya. A Shagari yake zaune, yana gyara wa masu noman albasa injin ban ruwa. Dogo ne, baƙi, marar yawan magana, kuma ko da me ya wanke hannu sai ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Tun farkon haɗuwarmu ya gaya mini ya taɓa shan ƙwaya. Ya fara ne lokacin yana dakon buhunan albasa, wai don ya ji ƙarfi, har ta kai shi ga kwana a bakin kwata bai san inda kansa yake ba. Ya ce ya fi shekara biyu rabonsa da ita. Na ce masa abin da ya wuce ya wuce, amma maganar ta tsaya tsakanina da shi. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin amincewa, wautata ke nan.

Ranar Lahadin da ta rage kwana kaɗan kawunsa ya zo gaisuwa gidanmu, Irmiya ya zo sujada majami'armu. Na ci ado ranar, ba ƙarya: atamfa ruwan ganye mai zanen ganga, riga da siket da na ɗinka da hannuna, ɗaurin ɗankwali ya zauna daram. Ina cikin mawaƙa ina satar kallonsa. Bayan waƙa fasto ya tambaya ko akwai mai shaida. Kun san yadda shaida take a wurinmu: wannan ta gode wa Allah ta dawo daga Jega lafiya, waccan akuyarta ta haifi biyu, a ce amin a zauna.

Sai na ga Irmiya ya miƙe.

Na zare masa ido, na girgiza kai, har na yi tarin ƙarya. Ko kallona bai yi ba. Ya tsaya a gaban kowa, ga Baba a kujerar dattawan ikilisiya, ga Mama a sahun zumuntar mata, ya kwashe labarinsa kaf ya zube. Dakon albasa, ƙwaya, kwata, har da yadda ya taɓa sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa, abin da ni kaina ban sani ba. Da ya zo ƙarshe ya ce:

“Kada kowa shi ce na warke. Kowace sahiya nika roƙon Ubangiji shi riƙe ni zuwa hwaɗuwar rana, kuma har yau bai sake ni ba. Ku taya ni godiya.”

Aka yi tafi, wasu har da hawaye. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Mama, ba ta tafa ba. Kwance ɗankwalinta ta yi ta sake ɗaurawa da ƙarfi, kuma duk wanda ya tashi a gidanmu ya san abin da wannan yake nufi.

Ana tashi na tura masa saƙo tun ban kai gida ba.

“Wa ya aike ka? Wa ya tambaye ka?”

“Fasto ya ce mai shaida shi hito. Ina da ita.”

“Ba ka da wata shaidar? Babur ɗinka bai taɓa tsallake rami ba?”

“Wagga ta hi girma, Lidiya.”

Na kife wayar a kan katifa. Baki shi ke yanka wuya, amma ni ban taɓa ganin wanda ya wasa wuƙar da kansa ya miƙa ba sai shi.

Kwanakin da suka rage kafin gaisuwar ban samu sakewa a gida ba. Mama ta tasa ni gaba da zancen wani ɗan ƙawarta da ke aikin jinya a Sakkwato, wai ko lemon kwalba bai cika sha ba. Baba bai ce komai ba sai ana gobe za su zo. Ya kira ni ya ce ba zai kori yaron ba, amma zai nemi abu ɗaya: ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ya yi alkawari a gaban Allah da shaidu cewa shi da ƙwaya har abada. In ya yi, a sa rana a wurin.

Daɗi ya kama ni. Wannan ai abu ne mai sauƙi. Na kira Irmiya na koya masa kamar ɗan aji ɗaya: in Baba ya tambaye ka, ka ce na yi alkawari, ka rufe bakinka. Kada ka ƙara, kada ka rage. Sai kawai ya ce, “Allah shi kai mu.”

Suka zo da hantsi, shi da Kawu Bawa, ƙanin mahaifinsa, da goro da alewa da katan ɗin lemo. Irmiya ya sa farar shadda da hula, ya yi kyau har na yafe masa rabin laifinsa. Na kai musu ruwa da kunun zaƙi na koma bayan labule na kafa kunne. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi addu'a, Kawu Bawa ya faɗi abin da ya kawo su cikin ladabi. Sai na ji ƙarar ɗan teburin nan namu mai ƙafa ɗaya gajera, na san Baba ya ajiye Littafin.

“Irmiya, na ji shaidarka, kuma na yaba. Amma ɗiya guda gare ni. Ɗora hannunka nan ka yi min alkawari, kai da abin nan har abada.”

Na matse labule a hannuna ina cewa a zuci, faɗa mana, bawan Allah, faɗa.

“Baba, ku gahwarce ni. Ba ni iyawa.”

Kawu Bawa ya yi gyaran murya da ƙarfi. “Malam, kunya ta. Yaron ga tun shina ƙarami haka shike. Kai, ɗora hannu.”

“Ba kunya ba ta, Kawu. Na yi ma mahaihiyata irin wanga alkawari, hannuna bisa Littahi, ba sau ɗaya ba. Kahin sati shi zagayo na karya. Har tar rasu ina yi ina karyawa. Sai da nid daina alkawari nik koma roƙo sannan nis samu sauƙi.”

“To in kai ba ka iya lamunce ma kanka,” in ji Baba, “ni ƙaƙa za ni lamunce ma da ɗiyata?”

“Baba, ba ƙarhina ka riƙe da ni ba. Alherin Ubangiji na, kuma na yini guda shika ba ni. Na gobe sai goben ta yi in roƙa. In na ce maku har abada, na yi maku alkawari da abin da ba shi hannuna.”

Na so in yaye labulen nan in shaƙe shi. Kalma uku fa, jama'a. Maza nawa ne suke tsayawa gaban iyaye su yi alkawarin sama da ƙasa, a ba su mata, a yi biki a watse? Ni sai na faɗa hannun mai gaskiyar da ba ta san ranar fita ba.

Da Baba ya buɗe baki sai ya yanke hukuncin da ban taɓa jin an yi wa wani mai neman aure ba.

“To. Tunda da yini-yini aka ba ka, ni ma da yini-yini za ni ba ka izini. Gidan ga muna addu'a kowace sahiya kahin kowa shi hita. Ka riƙa zuwa muna yi tare, in dube ka ido cikin ido. Ranar da hankalina yak kwanta, sai mu yi maganar rana.”

“Daga Shagari, Malam? Kullum?” in ji Kawu Bawa.

“Daga Shagari.”

“Na yarda, Baba,” in ji Irmiya, har da murna a muryarsa, kamar wanda aka ba kyauta.

Haka aka fara. Gari na wayewa sai mu ji ƙarar babur ɗinsa ya shigo lungunmu, salansar ta fashe, duk unguwa ta san da zuwansa. Ya jingine shi a gindin darbejiya, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya kama haɓarsa ya dubi ƙwayar idonsa, ya saki, ya nuna masa gefen tabarma. A yi waƙa ɗaya, a karanta aya, a yi addu'a, Mama ta dangwara masa koko a kofin da bakinsa ya ɓare ba tare da ta dube shi ba. Ya shanye, ya yi godiya, ya koma Shagari bakin aikinsa. Ni da shi sai gaisuwa daga nesa.

Makon farko abin ya burge ni. Na biyu ya fara ba ni kunya. Da aka shiga wata na biyu kuwa sai ya koma ba ni haushi. Lokacin zafi ne, irin wanda tun da safe riga take manne wa mutum a baya, kuma lokacin ne injuna suka fi lalacewa a fadama. Na ga yana ramewa, wuyansa ya yi tsawo. Maƙwabta suka fara tambayar Mama ko sabon ɗan haya muka yi. Leshin da na saya na biki, fari mai ratsin zinariya, yana ninke a ƙasan akwati, kullum sai na ɗaga na duba na mayar.

A shago Sa'adatu ta samu abin tsokana.

“Amarya, ɗalibin Baba ya zo makaranta yau?”

“Ki hita harkata, Sa'a.”

“Allah ba ki haƙuri. Amma ni ban ga laihinai ba. Mu ma ko kasuwa za mu sai mun ce in Allah ya so. Ke wa kis sani da ad da gobe cikin aljihu?”

“Ba wa'azi nika so ba, rana nika so a sa.”

“To ki sa mana, ga kalanda can.”

Na ja keke da ƙarfi har allura ta karye. Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa ya samu natsuwa da wannan tsari ban da ni. Baba ya samu abokin hira, har ya fara tambayarsa farashin albasa a Mandera. Irmiya kullum fuskarsa a sake. Ko Mama ta daina dangwara kofi, wata rana har na ga ta ƙara masa ƙosai. Ni kaɗai nake tsufa a tsaye, ƙannen bayana a zumuntar matasa ana ta kiran sunayensu a sanarwar aure.

Kuma bari in faɗa muku gaskiya, ba jiran kaɗai ke damuna ba. Tsoro nake ji. Ina son in ji daga bakinsa cewa abin nan ya mutu, an binne shi. Wace mace ce take son ta kwanta kowane dare ba ta san wane miji za ta tashi da shi ba?

Shekaranjiya na kai maƙura. Bayan na rufe shago na zauna na rubuta masa saƙo mai tsawo. Na ce masa ya duba, ya fi shekara biyu bai sha ba, ya yi wata da watanni yana zuwa bai fasa ko sau ɗaya ba, wane irin warkewa yake jira kuma? Na ce wannan ba tawali'u ba ne, taurin kai ne. Na ce in har yana sona ya yi wa Baba alkawarin nan a huta, in kuwa ba zai yi ba ya sake ni in san inda dare ya yi mini. Na tura, na ga ya karanta, bai amsa ba.

Jiya da safe ya zo kamar kullum. Da zai tafi ya tsaya a gindin darbejiya yana ɗaure hular kwano, na fito kamar zan zubar da ruwa.

“Na yi tunanin maganarki,” ya ce a hankali. “Wataƙila gaskiya gare ki. Na daɗe ban ji ko sha'awarta ba. Gobe in na zo za ni yi ma Baba alkawarin.”

Na kusa yin guɗa. Na shiga na gaya wa Mama, na gaya wa Baba, wanda ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Haka yac ce?” bai ƙara ba. A shago na saya wa Sa'adatu fura da nono, na yi ta waƙa har ta ce in rufa mata baki kada masu kawo ɗinki su gudu. Na gode wa Allah a gurguje, irin godiyar wanda ya riga ya gama shirya abinsa da kansa.

Yau da safe na riga kowa tashi. Na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa doguwar rigata ruwan hoda, na dama kokon da kaina na sa a kofi mai kyau. Baba ya fito ya zauna, Littafi a cinyarsa. Muka jira ƙarar salansa.

Ba ta zo ba.

Rana ta fito ta hau katanga. Yara suka wuce makaranta. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Koko ya huce ya yi fata a sama. Mama ta leƙa waje ta dawo, ta sake leƙawa, sannan ta ce:

“Malam, mu yi addu'armu, ina da wanki.”

“A jira,” in ji Baba.

Na tura saƙo ya fi a ƙirga. Na fara da “Kana ina?” na koma “Don Allah ka kira ni,” na ƙare da maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Zuciyata ta kai ni asibiti, ta kai ni bakin titi inda manyan motoci suke wucewa, ta kai ni wani wurin da na ƙi yarda in tsaya. Sa'adatu ta kira ta ji ko lafiya ban fito ba, na ce kaina ke ciwo. Inuwa ta gudu daga inda Baba yake, ya ja tabarmarsa zuwa ƙarƙashin rumfa ya ci gaba da zama, Littafin a rufe. Ko ruwa bai sha ba.

Sai da aka kira sallar azahar a masallacin unguwarmu sannan muka ji babur. A hankali ya shigo, ba irin shigowar da ya saba ba.

Kayan aikinsa na jiya ne a jikinsa, wandon duk busasshen taɓo. Bai cire takalmi a inda ya saba ba, nan bakin ƙofa ya zube a kan gwiwoyinsa. Ba sai Baba ya kama haɓarsa ba. Daga inda nake tsaye na ga idanun, jajaye, sun yi nauyi. Na dafa bango.

“Baba, na hwaɗi.”

Mama ta saki tsintsiyar hannunta. “Ai na hwaɗa maku. Hali zanen dutse.”

Baba ya ɗaga mata hannu. “Ƙaƙa anka yi?”

“Jiya da nit tashi nan, ji nikai kamar na gama yaƙi. Ko da munka yi addu'a, bakina kaɗai ka cewa amin, zuciyata tana cewa ai na iya. Ban roƙi komi ba, Baba, na ga kamar ba ni bukata. Da rana muna ɗaga inji a Lambara bayana yar riƙe. Wani lebura yam miƙo min katin magani. Na san ko mi ne tun kahin shi buɗe hannu. Nic ce guda ɗaya ba ta yi ma mai ƙarhi kamata komi. Sai da nig gama katin. Cikin hwadama nif farka, rana ta yi sama.”

“Mi ya hana ka ce babur yal lalace?” in ji Baba.

“Na yi tunanin haka tun daga Shagari har Sifawa. Amma ku kunka ce in riƙa zuwa ku dube ni. Ga ni, ku dube ni.”

Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma ba kukan tausayi ba ne. Haushi ne. Haushinsa, da ya kasa riƙe kansa kwana ɗaya tak da ya rage. Haushin leburan da ban sani ba. Haushin kaina, don na san saƙon wa ya sa shi jin ya iya. Har Allah na ji haushi, Ya gafarta mini, na ce a zuci: shekara biyu kana riƙe da shi, sai jiya?

Baba ya matsa gefe a kan tabarma.

“Taso ka zauna. Ba mu yi addu'ar sahe ba, kai muka jira.”

Irmiya ya ɗago ya dube shi, sai ya kife fuska a ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya rarrafo. Muka yi addu'ar safe da tsakar rana, cikin zafin nan, muryar Baba ita kaɗai ke fita. Bai yi doguwa ba. Ya roƙi gafarar jiya, ya roƙi alherin da zai ishe mu yau, mu huɗu, ya ambaci sunan kowa har da nasa. Da aka ce amin ya sa Mama ta kawo wa Irmiya ruwa da abinci. Ta kawo, bakinta a ɗaure.

Na zaci shi ke nan, za a sallame shi cikin mutunci a rufe maganar aure. Sai Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Ranar da kaz zo da kawunka, da ka ɗora hannu da na ba ka ita. Da yau kana can ɓoye, kunyar alkawari ta hana ka zuwa, mu muna nan muna cewa babur na. Abin da nika son sani ke nan tun hwarko, in ka hwaɗi ina kaka nuhwa. Na gani. Ka ce ma kawunka shi zo mu sa rana.”

“Malam!” in ji Mama. “Yau? Yau da idonka yag gani?”

“Yau da idona yag gani. Amma ba ni za ni zauna da shi ba.” Ya juyo gare ni. “Lidiya, matso.”

Na matso na durƙusa, ina share fuska da gefen mayafi.

“Kin ga abin da za ki aura, ba labari ba. Shina iya shekara goma bai sake ba, shina iya sakewa wata mai zuwa. Ni ba ni da tabbacin da za ni ba ki, shi ma ba shi da shi. In kin ce i, a sa rana. In kin ce a'a, ba mai ganin laihinki, har shi.”

“Har ni,” in ji Irmiya, kansa a ƙasa.

Jama'a, wata da watanni ina kukan a sa rana. Na yi faɗa da Mama, na yi gaba da Baba, na karya allura ta fi biyar. Ga ranar an miƙo mini a tafin hannu, na kasa karɓa. Na dubi mutumin nan da taɓo a wando da jan ido, na ji ina sonsa har cikin ƙashina, na kuma ji ina tsoronsa kamar yadda ban taɓa ji ba. Na laluba cikina in ji ko ina da haƙurin da zai kai ni shekara goma da irin wannan safiyar, ban samu ko na mako ɗaya ba. Mama tana kallona, idonta na cewa ki ce a'a.

“Baba,” na ce, “a ba ni zuwa sahe.”

“Sahiya ba hannuna take ba, ɗiyata. Tahi ki roƙi mai ita.”

Na tashi na shige ɗaki na turo ƙofa. Ina jin babur ɗinsa ya tashi ya fita daga lungu, ƙarar tana raguwa har ta ɓace. Na durƙusa a gaban gado na haɗa hannuwa, na buɗe baki, sai na tarar ban ma san wanne zan roƙa ba, ƙarfin cewa i ko ƙarfin cewa a'a. Har yanzu da nake rubuta muku wannan gwiwoyina suna ƙasa, kuma gobe da sassafe zai zo.